Cigiyar da Na Goge a Kaset ɗin Kwatarkwashi

Ku da kuke zuwa shagona ku jingina da ƙofa kuna latsa waya, kuna ce mini aikin sauti ya zama wasan yara tunda kwamfuta ta zo, ku samu wuri ku zauna. Na ji ku. Kun ce yanzu mutum zai yi waƙa a ɗakin uwarsa, ya danna abu biyu, na'ura ta ba shi muryar da Allah bai ba shi ba, ta share tarin da ya yi, ta kore kukan akuyar maƙwabta. Ban musa ba. Ni ma na iya sharewa tun kafin a haifi yawancinku, kuma da hannu nake yi. Gogewa ba ta da wuya. Sanin abin da ba a gogewa shi ne aikin, kuma ni da na haura shekara talatin ina ɗaukar sauti a Gusau, sai bara wata mata daga Bunguɗu ta biya mini wannan karatun.

Sunanta Hauwa'u. Da hantsi ta zo, da goyo a bayanta, ta yi sallama sau biyu kafin in ɗago kai daga wata amfilifaya da nake wa dalma. Ta tambaya ko ni ne Malam Shehu da ya ɗauki wasan 'yan jita a kalankuwar Kwatarkwashi. Na ce ni ne, amma an daɗe.

Ta ce, "Muryab babana tana cikin kasen nan. Ya rasu, ba mu da hoto nai, ba mu da komi. Na hwara mance yadda shika magana, Baba. Ita niz zo biɗa."

Nan take na gane wane ne babanta. Na ce ta ba ni kwana uku in duba. Na san da hannuna na cire muryar mutumin nan daga kaset ɗin. Fatana kawai ko wani kwafi ya tsere mini kafin in taɓa shi.

Kafin ku gane yadda mai hankali zai goge muryar wani ya kuma yi barcinsa lafiya, sai kun san inda na koyi aiki. Wurin Oga Sande na koya, wani mai gyaran rediyo daga kudu da ya zauna Sabon Gari har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Shi ke haɗa wa cocinsu lasifika ranar Lahadi, shi kuma ake kira in ta masallacin unguwa ta shaƙe, ba wanda ya taɓa ganin abin magana a ciki. Wata shida na yi a wurinsa ban taɓa maɓalli ba, naɗe waya kawai nake yi. In na naɗe ta a gwiwar hannu irin ta igiyar guga, sai ya warware ya jefo mini, ya ce waya tana da ciki, in ka murɗe ta yau, ranar da ka fi bukatarta za ta rama. Daga nan na koma goge kan rakoda da auduga da sifirit, sannan dalma, sannan ya fara barina in kafa makirufo.

Aikin farko da ya tura ni ni kaɗai a Tsafe ne, walimar saukar karatun 'ya'yan wani ɗan kasuwa. Na je da rakoda, da makirufo biyu, da kaset sabo fil mai minti casa'in. Wayar janareto ta yi gajarta, ƙyuya ta hana ni neman ƙari, sai na girke shi bayan rumfa, taku goma daga bakin malamin da ke addu'a. A wurin ban ji wata matsala ba, don kunnen mutum yana zaɓen abin da yake so ya ji. Makirufo ba shi da wannan wayon, duk abin da ya zo haɗiyewa yake yi. Da na dawo Gusau Oga Sande ya sa kaset ɗin, sai ga janareto yana ta surutunsa, malam yana can ƙasa kamar mai magana cikin rijiya. Bai zage ni ba. Kujera ya jawo mini, ya ce in zauna in saurare shi gaba da baya, kada in tashi ko shan ruwa. Na tashi daga kujerar nan na zama maƙiyin hayaniya. Tari, kukan jariri, carar zakara, mai tallan fura, duk abin da ba shi aka ce in ɗauka ba, a wurina ƙazanta ne. Da wannan aƙidar na yi suna, har ana cewa kaset ɗin Shehu ko numfashin banza babu.

'Yan jita su huɗu ne, amma uku za ku riƙe. Bitrus, ɗan wani ma'aikacin gwamnati daga Filato, shi ke kaɗa babbar jita, a coci ya koya. Chidi, wanda ubansa ke sayar da kayan gyaran mota, shi ke kan ganguna. Lawali mutumin Tsafe shi ke waƙa, da Hausarmu ta nan, ba ya tauna ta. Irin kiɗansu shi suke kira rok: jita ta lantarki da ake ƙara wa wuta har ta riƙa kuka, da ganguna da faifan ƙarfe ana dukansu kamar ana sussuka. Ranar da na fara jin su na ɗauka amfilifayarsu ce ta lalace, har na miƙa hannu zan rage, Bitrus ya buge mini hannu ya ce wannan ƙarar ai ita ce miyar. Dattawa suna cewa garayar Bature ta haukace. Amma waƙoƙin Lawali na manoma ne da direbobi da masu jiran ƙarshen wata, duk wanda ya daure ya wuce ƙarar sai ya tarar da kansa a ciki. Wadda ta fi fita ita ce wadda suke kira Motar Ƙarshe, a kan mutumin da kasuwa ta watse ta bar shi bakin hanya da buhunsa yana jiran abin hawa.

Wasan Kwatarkwashi samarin garin ne suka gayyace su, lokacin kalankuwa, bayan an gama kai amfanin gona gida. Da la'asar aka fara, a wani fili gindin dutse. Na kai lasifika huɗu a bayan a-kori-kura, na girke janareto can bayan wata tsamiya, da waya mai tsawon da ko Oga Sande sai ya yaba. Makirufo ɗaya a hannun Lawali, ɗaya gaban akwatin jitar Bitrus, ɗaya na rataye a reshe saman gangunan Chidi. Rakodata tana kan tebur, a cikinta akwai kaset mai kyau irin wanda sai an aika Kano ake samu, uku kacal gare ni a lokacin. Dutsen nan ya yi mana abin da ban sake samu ba a ko'ina: sauti ya je ya doke shi ya dawo daidai lokacin da ya kamata, jitar mutum ɗaya ta koma ta mutum biyu. Mutanen ƙauyuka sun gangaro, maza gefe, mata gefe, yara a kan duwatsu. Da farko dariya suke yi suna toshe kunne. Kafin waƙa ta uku tsofaffi sun fara gyaɗa kai.

Suna tsakiyar Motar Ƙarshe, ni kuma ina kallon allurar rakoda ina cewa a raina yau na kama babban kifi, sai wani mutum ya ratso taro. Dogo ne, da hular saƙa da ta sha rana, da alama daga gona ya biyo. Bai tsaya gaisuwa ba, ya kama makirufon da ke hannun Lawali. Ku ba ku san wannan ba, amma a ƙauye duk inda aka kafa lasifika ta zama ta kowa. Wanda jakinsa ya kwance, wanda aka tare wa hanya da keke, wanda ya tsinci makulli, duk nan za su zo, kuma ba mai cewa don me. Wannan 'yarsa ce ta ɓace cikin taro, 'yar shekara huɗu. Lawali ya sakar masa. Na zaci kiɗa zai tsaya in danna maɓallin dakatawa, amma Bitrus bai tsaya ba. Ya yi wa Chidi ido, suka sauke kiɗan ƙasa-ƙasa, ganga ɗaya tana bugawa a hankali, jita tana bi ta ƙarƙashin maganar mutumin, ba ta rufe shi ba, ba ta kuma bar shi shi kaɗai ba. Ya yi cigiyarsa, ya maimaita. Fili ya yi tsit, kowa yana duba gefensa. Minti ɗaya da rabi aka yi a haka. Sai wata mata can wajen masu tuyar ƙosai ta ɗaga yarinya sama da hannu biyu. Ihun da aka yi a filin nan, da guɗar mata, ban taɓa jin irinsa ba. Bitrus ya saki jita a kan ihun, Chidi ya bi shi, Lawali ya karɓi makirufo ya shiga baitin ƙarshe da muryar da ta riga ta dushe. Kowa ya tafi gida yana murna. Ni kaɗai na hau mota ina huci, wai an ɓata mini waƙa.

Gyaran ya ci mini yini biyu. A lokacin babu allon da za ka ga sauti a zane ka ja masa layi. Rakoda ce mai baki biyu, kaset na asali a dama, sabo a hagu, yatsanka a kan maɓallin dakatawa. Sai ka tsayar da na hagu daidai bugun gangar da mutumin ya karɓi makirufo, ka bar na dama ya wuce, ka sake shi daidai bugun da ya dace, yadda mai rawa ba zai ji ƙafarsa ta yi tuntuɓe ba. In ka makara da ƙiftawar ido, sai ka juya kaset da biro ka koma farko. Na saurari cigiyar mutumin nan ya fi sau arba'in ina neman mashiga da mafita. A ƙarshe na samu. Na cire shi kaf, na bar ihun, don ihun ya yi daɗi. Duk wanda ya sayi kaset ɗin ya ɗauka jitar Bitrus ake wa wannan ihu. Wannan gyararren shi ya zama uwar kaset, wadda ake kwafa daga gare ta a kai tasha da kasuwa. Na asalin kuwa, sati bai zagayo ba aka kira ni bikin suna a Mada, ba ni da kaset mai kyau a hannu, sai na ɗora sunan a kansa. Ko ɗar ban ji ba, a ganina ƙazanta kawai na rasa.

Bayan shekara guda suka ce za su shiga sutudiyo, don gidan rediyo ba ya karɓar kaset ɗin fili. Sutudiyon ɗaki ne a Tudun Wada da muka manne bangonsa da katifu da kwalin ƙwai, muka toshe taga, mutum ya yi minti goma a ciki sai ya matse riga. A nan kowa shi kaɗai yake yin nasa. Chidi ya fara buga ganguna da abin ji a kunne, ba jita ba waƙa, yana ƙirga baiti a ka. Sannan Bitrus ya ɗora, sannan Lawali. In harafi ɗaya ya karkace a sake. Kada ku je ku ce na ce na sutudiyo ba shi da kyau. A nan ne mutane suka fara jin abin da Lawali ke faɗi kalma-kalma. Ni kaina na shekara ina jin waƙar nan a fili, ban san buhun mutumin na barkono ne ba sai a ɗakin nan. Jita ba ta kauce ba, ganga ba ta gudu ba. A fili Chidi yakan fara waƙa da tafiyar raƙumi ya ƙare ta da sukuwa, don taro yana tura shi, amma a sutudiyo yadda ya hau haka ya sauka. Ta fili, ko bayan yankan da na yi mata, ta kusa minti takwas. Ta sutudiyo biyar ce.

Inda aka sha wuya shi ne wurin cigiyar nan na Motar Ƙarshe. Tun ranar Kwatarkwashi suka mayar da shi cikin waƙar: a sauke kiɗa ƙasa, a jima, sannan a tashi gaba ɗaya. A sutudiyo Bitrus ya yi shi sau goma sha ɗaya. Kowanne daidai yake, ba kuskure ko ɗaya, kuma kowanne in ka ji shi sai ka ce to, sai me? Ya cire abin jin ya ajiye, gumi yana zuba, ya ce mini, "Shehu, ran nan ina jiran a ga yarinya ne. Yau me nake jira?" Na ce ya bar surutu ya sake, kafin a ɗauke wuta. Da na tsaya na auna maganar nan, da tun ranar na gane abin da na yi. Amma a lokacin yabo ya fasa mini kai.

Masu saye su suka raba gardamar, kowa da nasa. Ma'aikata da matan gida na sutudiyo suke so, wanda za a sa a falo ana hira. Direbobin hanyar Funtuwa da ta Sakkwato kuwa in ka miƙa musu shi sai su turo maka abinka, su ce a ba su mai ihun, shi ke hana su gyangyaɗi. Wani tsohon direba ya taɓa ce mini na sutudiyo hoton fasfo ne, an wanke fuska an hana dariya, na fili shi ne mutumin. Na karɓi yabon na yi dariya, ban gaya masa mutumin ma an rage masa wani abu ba.

Ƙungiyar ta watse yadda irinsu ke watsewa. Uban Bitrus ya yi ritaya suka koma gida, Chidi ya gaji shago, Lawali ya koma noma da ɗinki a Tsafe. Kaset ya mutu, faifai ya zo shi ma ya mutu, aka koma tura waƙa a waya. Duk wannan na jure, na koyi kwamfuta da furfurata. Abin da ya karya ni shi ne shekarar da hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga. Kun san ta, ba sai na faɗa muku ba. Ba kalankuwa, ba biki a fili, wanda zai yi suna sai ya tara mutum goma a zaure a shafa fatiha a watse. Wata bakwai ban fitar da lasifika ba. Ranar da na buɗe sito na tarar ɓeraye sun cinye takardar bakin manyan lasifikan guda biyu, sun yi sheƙa a ciki har da 'ya'ya. Ƙauyukan da nake zuwa aiki a bayan duwatsun nan, wasu yanzu ba kowa a cikinsu sai kango. A shekarar nan ce mahaifin Hauwa'u ya tafi gona da safe aka dawo da gawarsa. Bayan 'yan kwanaki aka sa wa ƙauyensu wuta, hotonsa ɗaya tilo da ke jikin bango ya tafi tare da ɗakin. Uwarta ta tsira ta samu Hauwa'u a gidan mijinta a Bunguɗu. Uwar ce ke ba ta labarin ranar da ta ɓace a kalankuwa, da yadda ubanta ya ƙwace makirufo a hannun 'yan jita, da wani mutumin Gusau da ke zaune gaban rakoda yana ɗaure fuska.

Kwana ukun nan na yi su ina neman abin da na san babu. Na zazzage kwali shida na tsofaffin kaset, na samo wanda na ɗora sunan Mada a kansa, na saurare shi har ƙarshe ko wani guntu ya tsira a wutsiya. Babu, sai maroƙi da kukan rago. Na nemo lambar Bitrus na kira shi, ya ce na sutudiyo kawai gare shi. Sai ya ce, "Yarinyar nan tana nan da rai?" Na ce har da ɗanta a baya. Na hau mota zuwa Tsafe wurin Lawali, ya zaro mini nasa daga ƙasan akwati, na sa, na ji gyarana. Duk kaset ɗin wasan nan da ke duniya daga uwar kaset ɗina ya fito. Aikin da na yi ya yi kyau har bai bar ko kafa ba.

Ta dawo ranar da muka yi, da hantsi kamar wancan karon. Na ba ta kujera na kunna rakoda. Na sutudiyo na fara sa mata, kuma ba ni da wani dalili in ba tsoro ba. Ta saurara kaɗan ta girgiza kai.

"Wanga ba mutane ciki, Baba."

Na cire na sa na fili. Da aka zo wurin, akwai wani ɗan tsalle da kiɗan ke yi, wanda ba kunnen da ke jinsa sai nawa. Na tsayar da kaset a nan na gaya mata gaskiya. Na ce nan babanki ya karɓi makirufo, nan na yanke shi, na asalin kuma na goge shi, ba wuta ba ce, ba ɓarayi ba ne, ni ne. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban roƙi gafararta ba don ban ga fuskar roƙo ba.

Jaririn bayanta ya motsa, ta jijjiga shi.

"Don mi?"

"Don waƙa ta yi daɗi, ɗiyata. Ba wani dalili."

Ta ce in saki kaset ɗin. Na saki, ihun ya cika shago.

"Wanga ihu hwa, na mine ne?"

"Naki na. Lokacin da anka ɗaga ki sama."

Ta sa na mayar da shi sau uku. A na ukun ta ɗaga yatsa daidai wata guɗa mai tsawo, ta ce ta gwaggonta ce, ita ma ta rasu. Sannan ta juyo ta dube ni.

"To kai ka ji shi. Mi yac ce?"

Na buɗe baki in ce an daɗe, sai na tarar maganar tana nan a jere, da inda ya ja numfashi, da inda ya yi tari. Abin da ka saurara sau arba'in don ka cire shi ba ya fita daga kanka. Na faɗa mata yadda ya faɗa:

"Salamu alaikum jama'a, ku yi mani haƙuri, ku yi mani haƙuri. Ɗiyata ta ɓace. Ƙarama ta, shekara huɗu, da zane shuɗi, da ɗan kunne guda, gudan ya hwaɗi. Ba ta da takalmi. Kuluwa, in kina jina, tsaya inda kike, kada ki yi kuka, ga ni nan tahe. Ba ni bugun ki."

Ta rufe fuska da mayafi. Ni Hauwa'u ta ce mini sunanta. Kuluwa ba mai kiranta da shi sai shi, kuma tun da ya rasu ba ta sake jinsa a bakin kowa ba.

Da ta natsu ta ciro wayarta, 'yar ƙarama mai fasasshen gilashi, ta ce in sake faɗi ta ɗauka. Na kafa wa ɗaruruwan mutane makirufo, ban taɓa tsayawa gaban ko ɗaya ba sai ranar. Na faɗa. Ta ce na yi sauri, shi ba ya sauri. Na sake. Ta ce wurin sunan in ɗan ja shi. Na sake na uku, ta gyaɗa kai.

"Ba murya tai ba ta, amma magana tai ta."

Ta kunna muka saurara tare. Kunnena ya kama abin da ya saba kamawa: babur ya wuce a tsakiya, injin markaɗen maƙwabta yana gurnani a ƙasa, ɗanta ya yi 'yar ƙara daidai wurin takalmi. Hannuna ya miƙe da kansa.

"Kawo in sa a kwamfuta in share maki ƙarar babur ɗin nan, minti biyu na."

Ta janye wayar ta riƙe a ƙirji.

"A'a, Baba. Bar shi yadda shike. Kada ka sake cire komi."

Ta ƙulle wayar a bakin zanenta, ta gyara goyo, ta yi mini sai an jima, ta nufi tashar Bunguɗu.